Sarƙar Kahraman Ta Gado: Asiri Gare Ta Ko Ado Ce Kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Mabera ce a nan Sakkwato. Da aka raba gadon mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, rabona ya faɗo kan wata tsohuwar sarƙa mai manyan duwatsu goma sha ɗaya masu ruwan ɗorawa, wadda ita ma ta gada wajen kakarmu. Wata dillaliya ta ce mini luban ne, wasu kuma na ce masa kahraman. Ta ce yana tare kambun baka da mayu, yana jawo kasuwa, kuma in aka ɗaura wa jariri haƙoransa za su fito ba zawo ba zazzaɓi. Har ta goga ɗaya a mayafinta ya ɗauki ɗan tsinke a kan idona. Jikana watansa shida. Mene ne wannan dutse? Da gaske akwai asiri a jikinsa? Kuma ya halatta in rataya wa yaron?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta, ya raya mana wannan ɗan jika.

Zan fara da abin da ba ya jiran dogon bayani: kada ki ɗaura wa yaron nan sarƙar, ko ƙwaya ɗaya daga cikinta, ba a wuya ba, ba a hannu ba. Dalili na nan tafe. Sauran zancen kuwa sai kin yi haƙuri da ni, domin kin taɓo sana'ar gidanmu. A gaban faifan kolin mahaifina na tashi, nan kusa da Hubbare, muna sayar wa masu ziyara tasbaha da zobba da murjani da tsakiya. Daga baya na je jami'a na karanta ilimin duwatsu, sai na tarar da rabin abin da muke faɗa wa masu saye gaskiya ne, rabi kuma mu ma haka muka ji.

Sunan kansa shi ne farkon ruɗani. Masu shagunan tasbaha a Makka da Madina kahraman suke cewa, daga nan alhazanmu suka ɗauko. Mutanen Maroko da na Sahara kuwa luban suke kiran manyan ƙwayoyin nan da mata ke sawa, alhali a wajen Larabawan gabas luban turaren ƙonawa ne. Turawa suna ce masa amba, kalmar da suka ara daga anbar ta Larabci, shi kuwa anbar na asali wani abu ne dabam: daga cikin wani ƙaton kifin teku yake fitowa, ana sa shi a turare mai tsada. Sunan kifin ne ya zo a hadisin rundunar Abu Ubaida da yunwa ta kama su a bakin teku, suka tsinci kifin da ake kira anbar suka daɗe suna ci. Don haka in wani ya kawo miki wannan hadisi don ya nuna falalar sarƙarki, ya haɗa kifi da itace.

Na ce itace, domin kahraman ba dutse ba ne, ƙaro ne. Kin san ƙaro iri biyu muke da shi. Akwai na dakwara da dangoginta, wanda almajirai ke jiƙawa su haɗa tawada, shi yana narkewa a ruwa. Akwai kuma irin na maje da na hano, wanda ruwa ba ya narkar da shi, sai dai a jefa a garwashi ya ba da ƙamshi. Kahraman ɗan gidan na biyun ne. Itace ya ji rauni ya zubo da ƙaro don ya toshe wurin, ƙaron ya faɗi ƙasa, ruwa ya kwashe shi, laka da yashi suka binne shi inda iska ba ta kai. A can ƙarƙashin nauyi da ɗumin ƙasa man da ke cikinsa ya yi ta fita a hankali, shi kuma yana ƙara tauri, har ya zama abin da za a iya fiƙewa a huda a goge ya yi sheƙi.

Tsawon lokacin da wannan ke ɗauka shi ne ke sa mutane su dube ni sheƙeƙe. Wanda ya fi yawa a kasuwannin duniya daga gaɓar tekun Baltik yake, a arewacin Turai, kuma shekarunsa sun kai wajen miliyan 40. Babbar mahaƙarsa tana yankin Kaliningirad na ƙasar Rasha, ana kuma samun sa a Folan da Lituweniya da Yukiren. Na ƙasar Bama da ke nahiyar Asiya, wadda ake kira Myanmar, ya kai shekara miliyan 99. Na Jamhuriyar Dominika yaro ne a cikinsu, miliyan 15 zuwa 20, kuma a cikinsa ake samun wanda ke yin shuɗi in rana ta doke shi. Mu ma a Najeriya an samu ɗan kaɗan a yankin Ameki kusa da Umuahiya, sai dai bai kai na ciniki ba. Basakkwace bai kamata ya yi mamakin irin waɗannan shekaru ba. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti cike take da ɓawon halittun ruwa, domin teku ya taɓa kwanciya a inda muke zaune yanzu. A duwatsun yankin Goronyo aka tono ƙasusuwan wata dabbar teku da ta rayu fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, har masana suka laƙaba mata sunan Goronyo. Kahraman irin wannan ajiya ce ta Allah, bambancinsa kawai kyau.

Yadda ya iso hannun kakanninmu kuwa, ta hanyar fatake ne. Tun zamanin Rumawa ake sauko da shi daga Baltik zuwa Italiya, daga nan ya bazu ƙasashen Larabawa, ayarin raƙuma suka ƙetaro da shi Sahara tare da murjani da takarda da alharini. Mungo Park, Baturen nan da ya halaka a Busa a 1806, akwai kahraman cikin kayan da ya riƙa yi wa sarakuna gaisuwa da su yana sayen guzuri, saboda a yammacin Afirka kuɗi ne a wancan lokaci. Har gobe in kika ga hoton matan Fulanin Masina a Mali da manyan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa a kitsonsu, shi ne ko mai kama da shi. Dukiyar mace ce da take yawo da ita a jikinta, ranar buki ta yi ado, ranar matsi ta ɓalle ƙwaya ɗaya ta sayar.

Yanzu mu zo kan tsinken da ya tashi a kan idonki. Ba rufa-ido dillaliya ta yi miki ba, da gaske yana ɗauka. Amma ki tuna da hunturu, lokacin da mutum zai cire rigar sanyi cikin duhu ya ji ƙas-ƙas har ya ga ɗan tartsatsi. Ki tuna da 'yan firamare da ke goga biro a gashin kansu su ɗauki guntun takarda. Abu ɗaya ne. Guga tana tara wani ɗan ƙarfin lantarki a jikin abin da aka goga, shi ke jan duk abu marar nauyi, kuma ya fi aiki in iska ta bushe kamar tamu. Mutane sun lura da wannan a jikin kahraman tun da daɗewa. Ana danganta fara lura da shi ga wani malamin Girka mai suna Talis, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Farisawa suka sa masa suna kahruba, wato mai fizgar tsinke, daga nan Larabawa suka samo kahraba, wadda a yau ita ce kalmarsu ta wutar lantarki. Girkawa kuma elektiron suke ce masa. A shekarar 1600 wani likitan Ingila, William Gilbert, ya yi amfani da wannan suna wajen bayanin ƙarfin jan, daga nan Turanci ya samu ilektirik, mu kuma bakinmu ya lanƙwasa ta ta koma lantarki. Kin ga ke nan duk lokacin da kika ce an kawo lantarki, sunan sarƙar Inna kika kira ba ki sani ba. Ni wannan ya fi burge ni a kan duk wani asiri da ake jingina masa. Amma abin da biro na naira ɗari ke yi ba zai zama hujjar korar maye ba.

Ba jan tsinke kaɗai ya sa mutane suka ɗauke shi abin tsafi ba. Ki ɗauki aƙiƙ ko ƙwayar gilas da asubar hunturu, za ki ji sanyi ƙarara. Ki ɗauki kahraman, za ki ji shi da ɗumi kamar wani ya riga ki riƙewa, saboda ba ya saurin kwashe zafin hannu. Ga shi sakayau, ƙwaya mai girman ƙwan kaza ba ta da wani nauyi. Ga shi yana kama wuta ya ba da ƙamshi, har Jamusawa suna ce masa dutse mai ci da wuta. Wani lokaci kuma sai a ga tururuwa ko sauro a tsakiyarsa, ƙafafu da fukafukai cif, ba ƙofar da ya shiga. Mutumin da bai san ƙaro ne ba, dole ya ce akwai rai a ciki. Daga nan kowace al'umma ta ƙirƙiro nata labari. Girkawa suka ce hawayen 'ya'yan rana mata ne da suka yi ta kukan ɗan'uwansu har suka zama itatuwa. Sinawa suka ce kurwar damisa ce ke nutsewa ƙasa bayan ta mutu. Mutanen Lituweniya suka ce ɓaraguzan fadar wata sarauniyar teku ce igiyar ruwa ke fitarwa. Wani marubucin Rumawa, Filini, wanda ya mutu a shekara ta 79 miladiyya, ya rubuta cewa matan ƙauye a arewacin Italiya suna rataya shi don ciwon maƙogwaro, ana kuma ɗaura wa jarirai a matsayin kariya. Shi ne ya ce ɗan ƙaramin mutum-mutumi na kahraman ya fi bawa lafiyayye tsada a Rum. Wato maganar da dillaliyarki ta faɗa miki ta kusa shekara 2000 tana yawo, kuma ba daga wajen Musulmi ta faro ba. Masu tallarsa a Facebook da TikTok yanzu sun yi mata sabuwar riga, wai yana zuƙe mugun ƙarfi daga jiki, yana ɗauke da hasken rana. Tsohon zance ne, baki kawai aka sauya.

Ga wani abu da zai iya sosa miki rai, amma gara ki ji shi daga wajena. Akwai yiwuwa babba sarƙarki ba kahraman ba ce ma. A 1907 wani masanin haɗa sinadarai ɗan asalin Beljiyam, Leo Baekeland, ya ƙirƙiro wata irin roba mai tauri a Amurka, aka sa mata suna Bakelite. Ba a daɗe ba masana'antun Turai suka gano cewa danginta na iya fitowa sak kahraman a ido, suka yi ta zubo ƙwayoyinta Afirka a zamanin mulkin mallaka. Yawancin manyan ƙwayoyin nan masu kamar ganga ko fayafayai, masu ruwan ɗorawa ko ruwan goro, da ake gani a wuyan tsofaffinmu, wannan robar ce. Ta tsufa, ta sha hannu, ta yi duhu, har ta yi 'yan tsage-tsage irin na tsohon abu. Cikin sarƙoƙin gado da aka taɓa kawo mini in duba, waɗanda suka fito na ainihi ba su da yawa. Ko mahaifina ya taɓa dawowa daga aikin hajji da tasbaha wadda wani mai shago ya rantse masa kahraman ce ta Jamus, ya biya kuɗi masu ciwo, ya yi shekaru yana ja yana ji da ita. Da na fara karatu na jefa ta cikin ruwan gishiri a gabansa, ta nutse tsulum. Ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce, to ai dai ta ƙirga mani salati, ba ta taɓa ɓata lissafi ba.

Ki riƙe wannan da kyau, domin nan ne gizo ke saƙar. Matan da suka rantse cewa luban ya tsare 'ya'yansu daga baki, da yawansu roba ce daga masana'antar Turai a wuyan yaran. Da a ce sirrin yana cikin kahraman, ai da ta jabu ba ta yi aiki ba, da tuni mata sun gane sun bambance. Amma shaida iri ɗaya ake bayarwa a kan na gaske da na jabu. Yaro ya yi haƙora lafiya, a ce sarƙa ce. Ya yi zawo, a ce bakin da aka yi masa ya fi ƙarfinta, ko an makara wajen ɗaurawa. Maganin da ba ya taɓa faɗuwa jarrabawa, ba a taɓa jarraba shi ba ne.

In kina son sanin abin da ke hannunki, ga yadda muke yi, kuma duk a ɗakin girki za ki iya. Ki kwance ƙwaya ɗaya daga zaren. Ki zuba ruwa rabin kofi, ki yi ta zuba gishiri kina motsawa har ya daina narkewa. Kahraman na nutsewa a ruwan sha amma yana tasowa a wannan, Bakelite da gilas kuwa ƙasa suke tafiya. Sai dai kama da wane ba ta wane: akwai robobi marasa nauyi da su ma ke tasowa, haka kuma ƙaron da bai gama tsufa ba, wanda ake kira kofal, irin na Zanzibar da Madagaska da Kolombiya. Saboda haka sai ki ƙara da hanci. Ki goga ƙwayar da ƙarfi a tafin hannu har ta yi zafi ki shinshina. Na gaske yana ba da ɗan ƙamshin itace mai sanyi, Bakelite kuwa warin maganin wanke asibiti take yi. Masu sana'a kan gasa bakin allura su ɗosana a cikin hudar, inda tabo ba zai fito fili ba: ƙamshin turare na gaske ke nan, warin ƙonanniyar leda kuma kin san amsa. Kofal ana kama shi da ɗigon ruwan goge jan farce, nan take wurin zai yi danƙo, kahraman kuwa ko a jikinsa. In akwai mai shago kusa da ke da fitilar nan ta gwada jabun kuɗi, ki haska, na ainihi yakan yi wani haske shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Gwajin tsinke da dillaliya ta yi shi ne mafi rauni duka, tunda roba ma na ɗauka. Kuma duk wanda ya nuna miki ƙwaya garau da ƙatuwar kunama kwance a tsakiya, ta miƙe ƙafafu kamar mai jiran hoto, a kan 'yan dubbai, ki ce masa Allah ya ba da kasuwa. Ƙwarin da ke cikin na gaske ƙanana ne, a murɗe, da datti kewaye da su, domin mutuwa suka yi suna fafutukar fita.

Ko da ta fito Bakelite kada ki yar. Tsohuwar irin wannan tana da masu nema a ƙasashen Larabawa da Turkiyya, suna fiƙe ta su yi tasbaha, kuma suna biya da kyau.

Batun halacci, a raba shi biyu. Sa shi don ado ba komai, mace ko namiji, sarƙa ko zobe ko tasbaha. Abin da aka hana maza zinariya ce da alharini, wannan kuwa ƙaron itace ne mai tsarki. Rataya shi don ya tare baki ko maita shi ne inda magana take. Kambun baka gaskiya ne, hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim, ba wanda zai ce miki tsoronki shirme ne. Amma kalmar tamima da ta zo a hadisin Uƙuba ɗan Amir, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya ce wanda ya rataya tamima ya yi shirka, malaman lugga sun fassara ta da ƙwayoyin duwatsu da Larabawan jahiliyya ke rataya wa 'ya'yansu don tsoron ido. Wato ainihin abin da aka ba ki shawara ki yi. A Muwaɗɗa akwai hadisin da aka aika a tsinke abin da ke wuyan raƙuma, Imamu Malik ya ce yana ganin saboda ido ake ɗaura su. Mu a nan mun tashi da karatun Risala, wadda ta ce babu laifi a rataya laya in Alƙur'ani ne a ciki, wasu malaman kuma sun hana ko wannan. Wancan saɓani a kan ayoyin Allah ne. Ƙwayar ƙaro ba aya ba ce, ba ta shiga cikinsa ko ta wace ƙofa. Malamai da yawa sun ce wanda ya ɗauka abin da kansa yake karewa ya faɗa babbar shirka, wanda kuma ya ce sababi ne kawai, to ya riƙi sababin da shari'a ba ta sa ba, gwaji ma bai tabbatar ba, shi ma bai tsira ba. Sayyidina Umar ya tsaya gaban Hajarul Aswad ya ce ya san shi dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ba don ya ga Annabi ya sumbace shi ba da bai sumbata ba. In haka aka ce wa dutsen Ka'aba, ina ga abin da ya ɗigo daga itace a Rasha? Kuma a garin Shehu muke, wanda yaƙi da girmama itatuwa da duwatsu na cikin abin da ya yi ta wa'azi a kai. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da ciwon ido da basur, ke nan ba neman magani suka ƙi ba, jingina zuciya ga abin da ba shi da tushe suka ƙi. Abin da Annabi ya yi wa jikokinsa Hasan da Husaini yana hannunki kyauta: ya kan nema musu tsari da kalmomin Allah cikakku daga kowane shaiɗan da abu mai dafi da kowane ido mai cutarwa. Ki dafa kan yaron safe da yamma ki karanta masa, ki haɗa da Falaƙi da Nasi.

Sai maganar haƙora, wadda ita ta sa na fara da hani. Masu sayarwa a Turai suna cewa akwai wani sinadari a kahraman na Baltik da zafin jiki ke fitarwa ya ratsa fata ya kashe ciwo. Sinadarin akwai shi, kashi 3 zuwa 8 cikin 100, amma a ɗaure yake a ciki, sai an gasa kahraman ɗin da wuta mai tsanani yake fita, jikin ɗan'adam kuwa digiri 37 ne. Amfani bai tabbata ba, cutarwa kuwa ta tabbata. A watan Disamban 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan wani yaro ɗan wata 18 ya rasu, sarƙar kahraman ta haƙora ta shaƙe shi yana barci. Zare na iya sarƙafewa a gado ko a zanen goyo, in kuma ya tsinke, ɗan wata shida duk abin da hannunsa ya kai baki yake kaiwa. Taki ma zarenta ya girmi uwar yaron.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗora wa haƙori laifin da ba nasa ba. Fitar haƙori na kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, wani lokaci jiki ya ɗan yi ɗumi. Ba ta kawo zawo mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne a daidai wannan wata ne garkuwar da yaro ya samo daga uwa ke raguwa, ya fara jan ciki yana cusa komai a baki, aka kuma fara ba shi kunu da ruwa. Sai cuta ta shigo tare da haƙori, mu kuma mu ce haƙori ne, mu zauna jira. Yara nawa zazzaɓin cizon sauro ya ci ƙarfinsu a garin nan ana cewa haƙora ne? In ya yi zawo a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zink, a ci gaba da nono. In jiki ya yi zafi a kai shi a gwada jini ranar, ba gobe ba. Ƙaiƙayin kuwa, uwar ta wanke hannu ta riƙa murza masa dasashi da yatsa.

Za ki iya jin wani ya ce ai likitocin Musulunci na da sun yi magani da shi. Haka ne, Ibn Sina ya ambaci kahruba cikin magungunan tsayar da jini da bugun zuciya, amma dakawa ake yi a haɗa a sha, a bisa ilimin zamaninsu, ba ratayawa don mayu ba, kuma likitancin yau ya wuce wurin. Masu cewa yana maganin shawara launi ne ya ja su, sun ga ɗorawa sun haɗa da ɗorawa. Maƙoƙo kuma, wanda a Turai ma an daɗe ana rataya kahraman dominsa, yawancinsa ƙarancin sinadarin aidin ne a abinci, shi ya sa ake sa shi a gishirin da muke saye.

Jawo kasuwa ba zan ɓata miki lokaci a kai ba. Mun yi shekaru da tasbahohin kahraman rataye a kan faifanmu, ranar da masu ziyara suka cika Hubbare mu yi ciniki, ranar da babu kowa mu kore ƙuda. Wadda sarƙar za ta jawo wa kasuwa ita ce dillaliyar. Ki lura da ita: ko dai ta dawo da ƙaramar sarƙa ta jarirai ta ce ki saya, ko ta dawo ta ce ta ƙara dubawa ashe taki roba ce, ki ba ta a kan kuɗin cefane. Kada ki sayar sai kin gwada da kanki, sannan kin nuna wa mutum biyu da ba su san juna ba. Na ainihi da giram ake sayar da shi, kuma manyan tsofaffin ƙwayoyi masu duhun ɗorawa sun fi garau ɗin tsada a wajen Larabawa da Sinawa. In ma ƙimarta ta fito da yawa fiye da yadda aka ƙiyasta ranar rabo, ya kyautu ki sanar da sauran magada.

In kin yanke shawarar riƙewa, ki san cewa abu ne mai laushi, wuƙa na yankar sa, ko ɗan kunnen ƙarfe na iya ƙarce shi, don haka ki naɗe ta ita kaɗai a ƙyalle mai taushi. Zafin Sakkwato na bazara maƙiyinta ne: kada ki bar ta a mota ko bakin taga, rana na busar da ita ta tsattsage. Ki fesa turarenki ya bushe kafin ki sa ta, domin turaren fesawa na dusashe sheƙinta, kuma ki ɗauke ta daga kusa da kasko in ana turara ɗaki. Wanki da ruwa mai ɗumi kaɗan ya isa, ba omo ba kanwa. Ki sake mata zare mai ƙwari, a ƙulla tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta yadda ko ya tsinke ɗaya ce za ta faɗi, sannan ki ajiye ta a saman sif ko cikin akwati mai makulli, domin nan da wata biyu mutumin naki zai fara rarrafe.